Bargon Kakata: Daga Mazari Zuwa Kwarashi a Maraɗi

A gidanmu na Bagalam ba a duba kalanda kafin a san hunturu ya shigo. Ranar da Kaka ta ce a jawo mata adakar da ke ƙarƙashin gado, to ya shigo. Mu biyu muke jan ta, ni da yayata, saboda nauyi. Da an buɗe sai warin kanumfari da tsohon hayaƙi ya bugi hanci, sannan a zaro shi: bargon ƙyallaye, mai faɗin da zai rufe yara huɗu, wanda in ya danne ka ba ka ko juyi sai asuba. Ba shi da kyau irin na kayan kanti. Ja na kusa da kore, shuɗi na gogar ruwan ɗorawa, wani ƙyallen ma kan tsuntsu ne kawai a jikinsa, gangar jikin ta tafi a rigar wata.

Ina ƴar shekara tara ko goma na taɓa zama ina ƙirga ƙyallayen. Na wuce ɗari, lissafi ya ɓace mini. Kaka na gefe tana goge haƙora da fure.

"Kishiya, mi kike biɗa nan? Gado kike ƙirgawa tun ban mutu ba?"

Gadon kuwa ni ya faɗo wa. Da ta rasu a 1990 aka raba kwalla da tasoshi da ƴan kunne, babu wadda ta miƙa hannu ga bargo sai ni. Shekaru bayan haka wata kusurwa ta farke, na ɗauko allura zan kama, a nan na ga abin da ke ciki. Ashe hawa uku ne. Sama ƙyallayen tela, tsakiya tsofaffin zannuwan da suka mutu, can ƙasa kuma fari ne saƙar hannu, sawaye masu faɗin yatsu huɗu an haɗa su gefe da gefe. Zaren ya yi kauri nan, ya sirance can. Na san hannun da ya kaɗa shi.

Wannan farin ya girmi unguwar da aka haife ni. Maraɗin da Kaka ta tashi a cikinta ba bisa tudu take ba, tana can ƙasa cikin fadama, bakin Gulbi. Gari ne na ƴan gudun hijira masu takobi. Bayan mayaƙan jihadi sun ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunanta suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarauta a nan wajen 1819. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa kuma, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, suka gina Tibiri a hannun Sarki Mayaƙi, tafiyar da ba ta kai yini ba daga nan, kilomita goma sha biyu ko makamancin haka. Garuruwa biyu na yaƙi, kowanne da ganuwarsa da dawakinsa.

Na kawo zancen dawaki ne da gangan. Duk wanda ya je kallon hawan salla a ƙofar fada zamanin Sarki Buzu ya ga ƴan lifida: doki da mahayinsa an lulluɓe su da wata riga mai kauri, ja da rawaya da baƙi an yanka an jera. To mene ne lifidi? Yadi biyu ne aka cusa audugar rimi ko kaɗa a tsakaninsu, aka bi da ɗinki layi-layi don kada abin cikin ya zame ya taru gefe ɗaya. Kibiya in ta shiga sai ta rasa ƙarfi kafin ta kai fata. Littafin tarihin Kano ya danganta shigowarsa da Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410. Saboda haka in na ji ana cewa bargo mai ɗinki hawa-hawa dabarar Turawa ce, dariya nake yi. Dabarar da ta tsare ƙirjin barde ita ce ta tsare haƙarƙarin jikokin Kaka daga sanyin Janairu. Bambancin kawai, an yi wa lifidi kirari da tambari, bargo kuwa sai adaka.

Amma ko lifidin, da zaren wa aka ɗinka shi?

Na iske ƙarshen kaɗi, ban iske ganiyarsa ba. A ƙuruciyata tsofaffi uku ne kacal suka rage a layinmu masu riƙe mazari, Kaka ce ƙaramarsu. Ga yadda na ga tana yi. Za ta ɗora kaɗa kan wani dutse mai sulɓi, ta murza ta da ƙarfe siriri da tafin hannu biyu, gurya na tsalle tana faɗawa gaba. Ba a zubar da gurya, ta tumaki ce, wata kuma iri. Sai ta ɗauko bakan shiɓa ta yi ta fizgar tsirkiya cikin audugar har ta tashi kamar kumfa, a nan ne take tari, gashin girarta ya yi fari. Ta nannaɗe ta sutu-sutu. Sannan ta zauna, ƙafa a miƙe, sutu a hannun hagu sama, mazari a hannun dama, gindinsa mai gululun yumɓu na cikin ƴar taskira. Ta dangwali alli da yatsa biyu, ta murza. Mazari ya kama rawa, hannun hagu na ja da baya a hankali, zare na fitowa daga cikin farin nan kamar dama can yana ciki ana jiran a kira shi. In hannu ya kai iyakarsa ta dakata, ta naɗe, ta sake. Zare iri biyu take yi, siriri mai ƙarfi na tsaye, da abawa mai taushi ta kwance. Ni da ta ba ni na gwada, sau bakwai yana tsinkewa. Ta karɓe abinta ta ce hannuna na alƙalami ne, in je can in ƙarata.

Yaran yanzu suna cewa jikin wane na rawa kamar mazari. Na tambayi ajin ƴan mata guda, babu wadda ta taɓa ganinsa.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan ba kyan aikin ba ne, hanyar dukiyar ce. Kaɗar daga gamanarta take, ɗan filin da mace ke nomawa na kanta a gefen gandu, kuma fadamar Gulbi na karɓar kaɗa sosai. Dutsen gurza gado ne, mazari icce ne, gululu ƙasa ce, alli ƙashi ne aka ƙona. Ko tamma ba ta fita daga ƙullin zanenta kafin ta sami zare. In ya taru ta kai wa masaƙi, namiji ne, yana zaune ƙarƙashin rumfa da wadarinsa miƙe gabansa an danne ƙarshensa da dutse, ƙoshiya na kai da kawowa. Ta biya shi da kuɗi ko da wani kaso na zaren. In tana son baƙi ta aika marina, a tsoma a shuni, a kai mabuga. Abin da ya dawo, gwado ne ko zane, nata ne ita kaɗai. Ba na miji ba. Da shi take biki, da shi take tufatar da ƴaƴa, da shi take haɗa kayan ɗakin ɗiya, in shekara ta yi muni ta sayar ta auno hatsi, in ajali ya zo a sami likkafani a gida. Zane shi ne bankin mace, kuma ita ke buga kuɗinta da yatsu biyu. Wata Ba'amurkiya masaniyar tarihi, Barbara Cooper, ta zauna da matan Maraɗi a ƙarshen shekarun 1980 tana jin irin waɗannan labarai, ta yi rubutu kan tufafi da dukiyar mata, ta kuma fitar da littafi kan aure a Maraɗi a 1997. Na yi murna da wani ya rubuta. Na kuma ji ɗan haushi da sai da aka taso daga Amurka.

Kada in yi wa jiya kwalliyar da ba tata ba. A gidajen manya, kafin zuwan Nasara, bayi ne ke yin mafi wuyar wannan aiki, su yi noma, su yi gurza. Kaka da kanta ta sha cewa ba ta kewar shiɓa ko kaɗan, kuma ranar da ta fara ɗaura atamfa sai da ta zagaya gidaje biyar ba tare da wani dalili ba.

A daminar 1945 Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya ci garin. Gidajen ƙasa suka narke. Kaka na cewa ta fito da babana goye a baya, da ƙwarya bisa kai, cikinta curin zare da farin nan a ninke. Tukunya ta tafi, akuya ta tafi, ba ta waiwaya ba. Kumandan Nasara ya sa aka yanka sabon gari bisa tudu, tituna miƙaƙƙu, fili kare-kare, fada a tsakiya, unguwanni suka hau da sunayensu: Bagalam, Mokoyo, Ƴandaka, Maradawa, Limanci, Ɗan Gulbi. Mutane sukan ce ruwa ne ya raba Maraɗi da tsohuwar rayuwarta. Ruwa ya rushe katanga ne kawai. Abin da ya kwantar da mazari gujiya ce.

Nasara na son lanho, wato haraji, kuma da kuɗinsa yake so, ba da wuri ko gwado ba. Hanyar samun kuɗin ita ce gujiya. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna, a auna gujiyarka a ƙofar gaba, a miƙo maka kuɗi, ka ɗaga ido ka ga bandir-bandir na akoko da alawayyo da atamfa jere a kanta. Hannun dama ya ba ka, na hagu ya karɓe. Yadin da mace za ta yi wata biyu tana kaɗa zarensa, ga shi nan da kuɗin ƴan tiyoyin gujiya, ga laushi, ga launi. Wa zai zauna tari da bakan shiɓa? A shekarun 1950 kamfanin auduga na Faransa, CFDT, ya kafa injin gurza a garin, kaɗa ta koma abin ɗorawa bisa sikeli, a ɗaure ta dami-dami ta bar gari. An ci gaba da noma ta, sai dai ta daina kwana a ɗakin mata. Daga wannan kasuwa ta gujiya da yadi ne alhazan Maraɗi suka taso, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. Tarihinsu an san shi. Ba a cika faɗin abin da ya fita daga hannun iyayensu mata a daidai lokacin ba.

Hannun da ya saba aiki ba ya zama haka nan. Da keken ɗinki ya yawaita, teloli suka cika rumfunan kasuwa, sai ga wani sabon amfanin gona da ba a shuka shi: ƙyalle. Ran Litinin da ran Juma'a, ranakun kasuwa, Kaka kan aike ni wurin wani tela ɗan ƙanenta da ƙullin goro biyu, in dawo da buhu rabi. Ta zazzage a tabarma ta yi ta zaɓe. Ba launi take dubawa ba, nauyi take ji da yatsa: shadda da shadda, atamfa da atamfa, don in ka haɗa mai ƙarfi da marar ƙarfi, wanki uku ɗaya zai ci ɗaya. Ba ta da almakashi, da haƙori take fara tsaga ta ƙarasa da hannu. Ta haɗa ƙanana su zama kamar faifai, faya-fayan su zama kamar tabarma. Ranar haɗa hawa ukun sai an share tsakar gida, a shimfiɗa, a danne kusurwa huɗu da duwatsun murhu, a kira maƙwabta biyu. Daga tsakiya ake farawa a yo gefe, in ba haka ba ya yi ciki. Basilla ce ke aiki, layi da layi tazarar yatsa biyu, kuma wannan dogon ɗinkin da zaren kaɗinta take yin sa, na kanti wai ba ya da amana. Ana yi ana gulmar unguwa, ana saƙa da warwara kan auren da za a yi da wanda ya mutu. Duk ƙanƙantar allura ƙarfe ce, in ji masu magana, ni kuwa na ga ranar da ta huda babban yatsan maƙwabciyarmu, aka yi ta ba ta haƙuri ana dariya.

Na taɓa karanta cewa a wani ƙauyen baƙaƙen fata da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama, matan da suka yi ta haɗa irin wannan bargo da tsofaffin wanduna, an rataye aikinsu a manyan gidajen tarihi na Amurka a 2002, har aka buga hotonsa a kan sarki a 2006. Na duba hotunan. Wallahi da Kaka ta gani cewa za ta yi layinsu bai miƙe ba.

Saƙa da tsinke kuwa baƙuwa ce, kuma a danginmu ta ƙofar Tibiri ta shigo. Ƴan mishan na SIM sun zauna can tun ƙarshen shekarun 1920, suna ba da magani, daga baya suka buɗe asibitin kutare a Danja a 1956, kan hanyar Ɗan Isa. Gwaggona da ke aure a Tibiri ta kai yaro karɓar magani, ta ga wata Baturiya zaune da tsinke biyu, safa na tsirowa a tsakaninsu. Ta koma washegari, ba don yaron ba. Mijinta ya yi ta faɗa wai za a mayar masa da mata Kirista. Gwaggo ba ta taɓa taka cocinsu ba, tsinken kawai ta ɗauko, kuma hular sanyin da ya yi ta sawa zuwa sallar asuba har tsufansa daga nan ta fito. In mun je Tibiri ran Laraba, ranar kasuwarsu, sai mun biya ta ƙofar fada mun leƙa ko za mu ga Inna ta Gobir, sannan mu wuce gidan Gwaggo ta auna kawunanmu da zare.

Ƙofa ta biyu ta gwamnati ce. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka riƙa tura mata masu wayar da kai cikin unguwanni da ƙauyuka, sannan a 1975, zamanin Seyni Kountché, aka kafa Ƙungiyar Matan Nijar. Aka buɗe gidajen koyon sana'a da muke kira fuwaye. Can Innata ta koyi kwarashi da saƙa da surfanin zanen gado, irin mai ɗawisu biyu suna kallon juna da fure a tsakiya. A lokacin gari bai wuce mutum dubu 45 ba, yadda ƙidayar 1977 ta nuna, kowa ya san kowa, kuma abin da aka yi a gida ɗaya kafin sati ya zagaye unguwa. Gado mai rumfa ya shigo, dole a yi masa zane. An jera kwalla, dole a saƙa mata marufi. Har rediyo sai da aka yi wa riga.

In na rufe ido ina iya ganin layinmu bayan la'asar a watan Disamba. Ƙura ta sa rana ta yi kamar faifan tuwo. Ƴan ga-ruwa na wucewa da garwa biyu a sanda. Jakuna na shigowa daga Jiratawa da tuluna cikin raga, an cusa ciyawa tsakaninsu. Almajirai sun fara tara kara don wutar dare. A gindin bedin ƙofar gidanmu mu ne zaune, ƴan mata biyar ko shida, kowacce da curin ulu cikin gwangwanin madara don kada ya gangara cikin ƙasa. Ba mu da tsinken kanti. Wayar ƙafar keke muke karɓa wurin mai faci, mu goga bakinta a siminti har ta yi tsini, mai kwarashi kuma a lanƙwasa mata baki da filaya. Daga cikin gida rediyon Kaduna na gaishe-gaishe. Wadda ta yar da ido ɗaya sai an warware layi uku, ta yi ta ƙunƙuni. Hula da safar jarirai su ne kasuwa, domin babu suna a hunturu da za a je hannu sake. Da safe ƙanwata ta jera su a faranti ta nufi tasha da bakin asibiti.

Sai dai akwai abin da ba mu lura da shi ba muna yara. Ulu muke ce masa, alhali bai taɓa ganin bayan tunkiya ba, zaren roba ne na inji. Kuma saye ake. Daga Kano yake zuwa, ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Kaka ta fara daga iri, Inna ta fara daga kanti. Duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa gwangwanin madarar nan.

Mun gani a 1984. Damina ta ƙi, ga shi a watan Afrilu gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Yunwar shekarar ma sunansa aka sa mata, El Buhari. Hatsi ya yi wuya balle zare. Inna ta koma sayen tsofaffin rigunan sanyi a wurin ƴan gwanjo, bosho kamar yadda muke cewa, ta nemo bakin zaren a wuya ko a hannu, ta ja. Riga guda ta warware tsaf, zaren ya fito a murɗe kamar gashin rago. Ta naɗe shi a ƙafafun kujera, ta jiƙa da ruwan ɗumi, ta rataya da dutse a ƙasa ya miƙe. Hulunan shekarar nan duk launi uku-uku ne, ba don ado ba, inda zare ya ƙare nan wani ke kamawa. Da kuɗinsu aka sayi garin rogon da ya riƙe mu wasu ranaku. A bargon Kaka ma shekarar ta bar alama, akwai wani gefe da babu atamfa ko ɗaya sai buhun gari da aka wanke, domin ba wanda ya ɗinka sabon kaya balle tela ya zubar da ƙyalle.

Sauran ƙyallayen kuwa, in ka san yadi, taswira ce. Ga na Sonitextil ta Yamai, ga na masaƙun Kaduna da Kano da aka shigo da su ta bayan duwan, ga ɗan guntun Holan mai tsada wanda ya sauka a Kwatano ya ratso ta Gaya zai tsallaka Najeriya, ya bar wutsiyarsa a shagon telanmu. Yawancin masaƙun nan yau sun yi shiru. Babbar masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta tsaya a farkon shekarun 2000. Kafin nan, a Janairun 1994, an karya darajar sefa da rabi, komai na waje ya tashi. Bayan haka kasuwa ta cika da barguna ƴan China masu hoton damisa, cikin jakar leda mai zif, marasa nauyi, masu arha, ga dilolin gwanjo cike da kayan jarirai. Yau ba a kai amarya da bargon ƙyalle. A ce me?

Jiratawa ce ke sa ni tunani. Kilomita goma da ƴan kai ce kudu da gari, kuma gululun mazarin Kaka, a faɗarta, daga can aka kawo mata. Matan can har yanzu suna gina tulu da randa da tukunya da kasko, suna gasawa a fili da kara da kashin shanu, ana lodawa a amalanke zuwa Maraɗi. Roba ta zo, firiji ya zo, sun rage musu kasuwa, amma ba su kashe su ba. Wani zai ce don ruwan randa ya fi daɗi, kuma wuta ba ta da tabbas. Gaskiya ne. Ni dai ina ganin babban dalilin shi ne yumɓun na ƙarƙashin ƙafarsu. Ba ya bin ta Ɗan Isa, ba ruwansa da canjin naira. A farkon shekarun 1980 aka yi musu filin noman rani na kusan eka 500 ta awon Faransa, da rijiyoyi da injuna. Na ga kaɗa a can da idona muna zuwa ziyara, fara fat, amma sikeli ta nufa. Yanzu zogale da tattasai da albasa sun fi yawa. Ko a lokacin babu wanda ya yi tunanin a bar wa matan gari buhu goma su kaɗa, kuma da an bari ma, masu iyawar sun tsufa.

Ƙanwata, mai farantin nan, har yau saƙa take ci. Tana unguwar Zariya, cikin garin da ƙidayar 2012 ta ce ya haura mutum dubu 267. Ta fi Inna iyawa nesa ba kusa ba. A YouTube take ɗaukar sabon salo, a WhatsApp ake yi mata oda, tana saƙa kayan suna saiti guda, da jaka, da takalmin jariri mai igiya. Da aka sake rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 2023, na same ta tana lissafi a bayan kwali.

"Yaya, in na sayar da saiti, kashi biyu cikin uku na mai zare ne. Ni da idona da bayana muna raba ɗaya."

Zanen aro ba ya rufe katara. Duk shekara ina ganin ana yaye mata daga wuraren koyon sana'a, a ba su takarda da tsinke da curi biyu, a ɗauki hoto. Ban ƙi ba, sana'a ce, ta fi zaman banza. Amma ban taɓa jin mai jawabi ya tambayi inda curi na uku zai fito ba, ko a nawa. Ƙasar da ke noma kaɗa, mai tumaki da raƙuma, matanta na jiran mota daga Kano da jirgin ruwa daga China kafin su saƙa wa jariri hula.

Kusurwar nan da ta farke na kama ta da guntun zanen ranar mata ta 13 ga Mayu, layina bai kai na Kaka miƙewa ba. Mazarinta kuwa na neme shi na rasa, an ce yara sun yi wasa da shi ya karye.

Mai karatu, in akwai sauran tsohuwa a gidanku, a Maraɗi ko Tibiri ko Jiratawa, wadda ta taɓa riƙe mazari, ka je da wayarka tun kafin hunturun baɗi. Ka sayo mata kaɗa ko tiya guda ce, ka ce ta nuna maka, ka ɗauka. Ka tambaye ta sunan kowane zare da kowane zane. In kuma ka buɗe adaka ka iske tsohon gwado, kada a yi tsumman goge ɗaki da shi.